Marufin Ƙwaryar Baba Dikko

Legas,
18 ga Janairu, 1977.

Zuwa ga uwargidana Taiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Rukayya da Manu. Ya gwiwar Inna? Ki gaida mini Yaya Sanusi da iyalinsa. Ni nan lafiya lau, sai gajiya.

Bayan haka, ya zama wajibi in sanar da ke cewa takalmina na ƙafar hagu ya ajiye aiki jiya bayan azahar, a ɗaki na tara na wannan baje koli, bayan shekara shida yana yi wa ilimin firamare hidima a Talata Mafara. Bai ba da sanarwa ba. Tafinsa ya rabu da shi a gaban wani zane daga Habasha, na koma masauki ina jan ƙafa kamar mai kurkunu. Na sayi silifa. Idan labari ya iso gida cewa an ga hedimasta da silifa a Legas, kada ki musa, ki dai yi shiru.

Taiba, wurin nan ya fi ƙarfin ƙafa. Ɗaki ashirin da ɗaya ne, kowanne ya kai rabin kasuwarmu, cike da zane da sassaƙa da saƙa na ƙasashen da a da sai a taswirar aji shida nake ganinsu. Wanda ya shiga ba tsari zai fito bai ga komai ba. Don haka na sayi littafin jagora, na zauna da jan fensirina na gyaran jarrabawa, na raba ɗakunan bisa kwanaki. Ina cin abinci kafin in shiga. Ina farawa daga can ƙarshen gini, domin jama'a duk a bakin ƙofa suke cunkushewa. Ba na wuce minti biyu a gaban abu ɗaya, kuma duk abin da na gani sai in sa masa jan maki a littafin.

Na ga mace mai ido uku. Na ga wani mutum da aka ƙera da tsofaffin ƙarafan mota, irin waɗanda aka zubar a bayan sansanin ma'aikatan madatsar ruwa ta Bakolori, da na sani da na zo da buhu biyu na zama gwani. Na ga wani allo da ya fi ƙofar zaurenmu girma, ba komai a kansa sai jan fenti daga sama har ƙasa da baƙin layi ɗaya a tsakiya, mutane suna tsaye a gabansa suna gyaɗa kai. Da Manu ne ya kawo mini wannan a aji da ya sake.

Shi kuwa Baba Dikko, wanda gwamnatin jiha ta ɗauko tun daga Damaga ta haɗa ni da shi don in zama bakinsa, ya shimfiɗa buzunsa a kusurwar da aka ba masu sana'ar hannu na jiharmu, ya zauna. Sau ɗaya na samu ya bi ni. Muka tsaya gaban zanen wata saniya tana tashi daga kwance, wanda littafin jagora ya yaba har shafi guda. Ya dube ta ya ce, "Malam, mai wanga zane bai taɓa kiwo ba. Saniya da ƙafar baya taka tashi." A gaban jan allon nan kuma ya daɗe, har na ja hannun rigarsa. Ya ce ya yi kama da gonakinku bayan katafila ta wuce. Daga nan ya koma buzunsa. An kawo mutum tafiyar kwana uku a jirgin ƙasa, ya zo ya zauna kamar yana gindin tsamiyar Damaga. Wannan ita ce asarar tafiya.

Na san duk ba wannan kike jira ki ji ba. Ƙwaryar Baba Dikko tana nan lafiya. An ɗora ta kan tebur mai farin ƙyalle. Na yi wa jami'in wurin bayani cewa ba ado kaɗai ba ce. Na gaya masa yadda Baba Dikko, lokacin yana da shanu, yake sauka gonakin Tungar Ɗanlami da rani bi da bi, don shanunsa su ci kara su bar taki, da yadda ya zana kowace gona da iyakarta da bishiyarta a jikin ƙwaryar da wuƙa mai zafi, shekara goma sha biyu da suka wuce, don kada ya manta wa ke bin wa. Na gaya masa cewa yanzu masu aikin madatsar ruwa sun baje wurin, ba gambar iyaka, ba kunyar gona, ba tsamiyar Baba mahaifinki, kuma Mamuda maƙwabcin gonarku ya ce fadamar Baba rabinta tasa ce. Na ce masa ƙwaryar nan ce kaɗai shaidar da yayanki Sanusi da Mamuda duka suka yarda da ita, tunda an zana ta kafin rigima, kuma mai zanen ba ɗan garin ba ne. Jami'in ya saurara da kyau, sannan ya rubuta a ɗan kati: ƙwarya, Jihar Sakkwato.

Ban manta ba cewa ni na matsa aka zo da ita, ke kina cewa a bari sai bayan zaman hakimi a Bakura ranar goma ga wata mai zuwa. Na yi miki alkawari zan dawo da ita da hannuna. To ki kwantar da hankalinki.

Isa direban motar albasa ne zai kawo miki wannan. Ki gaida kowa da kowa.

Mijinki,
Ɗanasabe

Legas,
21 ga Janairu, 1977.

Zuwa ga Taiba,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya ke da yara, kuma Inna ta samu sauƙi. Mu ma lafiya, ta jiki.

Na fara wannan takarda sau uku ina yagewa. Ki zauna kafin ki karanta, kuma kada ki nuna wa Yaya Sanusi tukuna.

Ƙwarya ba ta hannunmu.

Shekaranjiya da hantsi wata mata ta zo kusurwarmu. Baƙa ce kamar mu, mai tabarau da jan ɗankwali, daga wata ƙasa ta tsallaken teku da ake kira Jamaika. Ita ma mai zane ce. Ta tsaya kan ƙwaryar ta fi rabin awa, tana juya ta, tana bin layukan da yatsa. Ta yaba, ta sake yabawa, har ta cire tabarau ta goge ido. Kin san halin dattawanmu. Baƙo ya yaba abinka sau uku a gabanka, kunya ba za ta bar ka ka yi shiru ba. Sai Baba Dikko ya yi mata tayi, ya ce ta ɗauka, tata ce.

Ke da ni mun san abin da ake yi. Sai ka ce a'a, Allah ya bar ka da abinka, shi ya ce don Allah, kai ka ce na gode, kamar na karɓa ne. Shi ke nan, kowa ya fita kunya, abu yana nan inda yake. Yaro ɗan shekara bakwai a ƙauyen Garbadu ya san wannan. Ita ba ta sani ba. Ta rungume ƙwaryar, ta durƙusa ta yi godiya, ta tafi da ita. Shi kuma da ya ce tata ce da bakinsa, ba zai miƙe ya bi ta ya ce wasa yake ba. Ya zauna yana kallo har jan ɗankwalin ya ɓace cikin jama'a. Jami'in wurin ya gani, amma ya ce kaya na mai shi ne, tunda mai shi ya bayar ba ruwansa.

Ni a lokacin ina ɗaki na sha huɗu, bisa tsarina. Da na dawo na tarar da farin ƙyalle ba komai a kai. Marufin kaɗai ya tsira, don yana kan cinyarsa yana shafa masa man shanu. Amma kin san gonakin da ke kan marufi na tsallaken gulbi ne. Fadamar Baba tana jikin wadda ta tafi.

Na yi masa faɗa, Allah ya yafe mini, dattijo sa'an mahaifina. Na ce masa nan Legas ce, ba a tayi a Legas. Ya ci gaba da shafa wa marufin man shanu.

Na ajiye tsarin kallo. Jiya da yau na zagaye ɗakunan nan duka sau biyu ina neman jan ɗankwali. Ban taɓa sanin matan duniya suna son jan ɗankwali haka ba. Na je masaukin mutanen ƙasarta, aka ce wasunsu sun tafi yawon ganin gari a Ibadan da Benin, ba a san ko tana ciki ba, ba a san ranar dawowa ba. Ko sunanta ban riƙe ba. Littafin jagora yana da sunan kowane zane da shekarar da aka yi shi, amma ba shi da wannan.

Zan nemo ta. Ki yi mana addu'a. Ki shafa mini kan yara.

Mijinki,
Ɗanasabe

Legas,
29 ga Janairu, 1977.

Zuwa ga uwargidana Taiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na samu takardarki ta hannun Isa, da kilishin da kika aiko. Na ji daɗi da Inna ta fara taka ƙafa har ƙofar gida. Allah ya ƙara sauƙi.

Takardarki layi biyar ce. Ba ki yi faɗa ba, da kin yi da ya fi mini sauƙi. Tambaya ɗaya kika yi: idan ina ɗaki na sha huɗu, wa ya gaya wa matar abin da Baba Dikko ya ce, tunda ba ta jin Hausa? Ashe ajin yaƙi da jahilci da kika yi bai tsaya ga karatu ba.

Ni ne. Ina wurin lokacin da ya yi tayin. Agogona ya nuna sha ɗaya saura minti biyar, kuma sha ɗaya daidai ya kamata in kasance a ɗaki na sha huɗu. Sai na juya mata maganarsa da Turanci mai kyau, irin wanda ake ba lada a kwalejin horon malamai, na ce dattijo ya ce taki ce. Ban ƙara komai ba. Na san ya kamata in ce mata wannan girmamawa ce, ki yi godiya ki bari. Bayanin zai ci minti biyar, ni kuwa ba ni da su. Na ɗauki fensirina na wuce. Abin da na je gani a ɗakin nan, wallahi yau ko za a yanka ni ba zan iya tuna shi ba, amma yana da jan maki.

Kwana goma ke nan ina yawo. Na tsaya a ƙofar shiga tun safe har rana ta take. Na bi wata mata har ɗaki uku, da ta juyo sai na ga 'yar Zariya ce, ta tambaye ni ko lafiya. Ƙafafuna sun kumbura, silifa ta ci tsakanin yatsuna. Idanuna sun gaji da launi. In na rufe su sai in ga fuskoki masu hanci a gefe.

Baba Dikko bai motsa ba. Abin da ya yi kawai, ya ɗauki marufin ya kifa shi a tsakiyar farin ƙyallen, inda kowa zai gani, ya koma buzunsa. Na ce masa ya taso mu raba ɗakunan, ido huɗu ya fi biyu. Ya ce, "Malam, in saniya ta ɓace ba a bin daji. Ɗan maraƙin akan ɗaure inda ta san shi." Ya ce gulbin da ya zana rabinsa yana bakin ƙwarya, rabinsa yana bakin marufi, kuma duk hanyar shanu da ta sauka gulbi ta can ta fito ta nan. Wai macen da ta bi layi da yatsa rabin awa za ta kai baki ta ga layin ya yanke, kuma ba za ta iya haƙura ba. Na ce masa matar nan ta yi karatu a Landan, ba saniya ba ce. Ya ba ni goro.

Jiya ƙafata ta ƙi, na zauna a benci na farko da na samu. Ashe gaban jan allon nan ne. Na yi awa guda a wurin don ba yadda zan yi. Taiba, jan ba iri ɗaya ba ne. Akwai wurin da ya yi duhu kamar an tuge wani abu mai saiwa, akwai wurin da aka bi aka shafe amma tabon bai ɓace ba. Na tuna ranar da na raka ki Tungar Ɗanlami bayan katafila, kika tsaya tsakiyar fili kina juyawa, kina neman inda tsamiya take, inda kika ce Baba yakan ajiye gorar ruwa. Ni kuwa ran nan ina ta yi miki bayanin amfanin noman rani. Ban sa wa allon maki ba, tun ranar farko na riga na sa.

Jirginmu ranar huɗu ga wata ne. Idan ba a samu ba, ni zan je in tsaya gaban Yaya Sanusi in faɗa masa da bakina. Kada ki riga ni.

Ki gaida Inna da yara.

Mijinki,
Ɗanasabe

Legas,
3 ga Fabrairu, 1977.

Zuwa ga Taiba,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya baki ɗaya. Wataƙila in riga wannan takarda isowa, amma Isa zai tashi yau, jirgi kuma ba a rantsuwa a kansa.

Ta dawo. Jiya da hantsi, ina zaune kusa da buzun Baba Dikko don ƙafata ba ta kai ni ko'ina, sai ga ta da ƙwaryar a naɗe cikin jan ɗankwalin, kanta da wani shuɗi. Da a ƙofa nake tsaye da ta wuce ni ban gane ta ba. Ba ta ko gaishe mu ba sai da ta ɗora marufin a kai, ta juya shi a hankali har gulbi ya haɗu. Ta ce tun a Benin abin yake damunta, kullum ta bi layi sai ya faɗa baki. Ta zo ne ta roƙi a sayar mata da marufin.

Wannan karon na yi aikina. Na gaya mata komai, tun daga shanun Baba Dikko har katafila, har Mamuda, har ke. Na bayyana mata tayi, na kuma gaya mata wanda ya gajarta fassara. Ta rufe fuska da hannu biyu. Ta ce ita ma ran nan ta ji nauyin karɓa, amma kafin ta taso ta karanta a wani littafi cewa a ƙasashenmu ƙin karɓar kyautar dattijo zagi ne. Kin ji. Ita da littafinta, ni da nawa, ƙwarya a tsakiya.

Ta tura ta gaban Baba Dikko. Sannan ta nemi izini ta ɗauki hoton zanen a takarda, ya yarda. Ta fito da wata takarda marar kauri, tana manna ta a jikin ƙwaryar yanki yanki tana goga gawayi a kai, layukan suna fitowa farare. Muka wuni a kan wannan. Baba Dikko yana ɗora yatsa yana faɗin mai kowace gona da bishiyarta, ni ina rubutawa a gefe da jan fensir. Gona talatin da huɗu, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da ya zo kan tsamiya ya ce nan ne mahaifinki yakan aiko masa da fura. Jama'a suka taru a kanmu, wasu suna zaton mu ma cikin abin kallon muke. Kwafi biyu ta yi, ɗaya nata, ɗaya namu. Masu awon gona ba sa karanta ƙwarya, amma takarda ko ta gawayi ce suna girmama ta.

Da za ta tafi, Baba Dikko ya ciro wani ɗan ludayi da ya zana a nan, yana zaune, cikin kwanakin da nake gudu. Ta dube ni da tsoro. Shi kuwa ya kama hannunta ya sa ludayin a ciki, ya naɗe yatsunta a kai. Na ce mata wannan na gaske ne, abin da aka bari a kan tebur tayi ne, abin da aka sa miki a hannu naki ne. Ban taɓa karanta wannan ko'ina ba, sai da na faɗa na ji ashe na sani.

Kada ki ɗauka an gama. A ƙwaryar iyakar Baba da Mamuda ta bi ta gabas da tsamiya, ba ta kai inda Yaya Sanusi yake cewa ba, ba ta kuma kai inda Mamuda yake cewa ba. Kowannensu zai ji haushi. Tsamiyar ma babu ita, sai an auna daga gulbi. Abin da hakimi zai yanke Allah kaɗai ya sani. Ni dai alkawarina ƙwarya ce, kuma tana cikin babbar rigata ta Juma'a, a naɗe, da marufinta. A cinyata za ta yi tafiya har Gusau.

Saura ɗaki biyar da ban kalli kayansu na sa maki ba, kuma ba zan sa ba. Ki dafa mini ruwan zafi da gishiri na ƙafa. Ki gaida Inna, ki gaida Yaya Sanusi, ki ce wa yara ina tafe. Sai mun sadu cikin yardar Allah.

Mijinki,
Ɗanasabe

Idan takardata ta farko tana nan, akwai inda na rubuta cewa Baba Dikko ya yi asarar tafiya. Ki nemi jan fensir a aljihun tebur ki soke layin. Ni ne ban yi daidai ba.